Fijon da na saka ba ta yi mini laifi ba

Ran nan muna zaune a majalisarmu ta bayan La'asar, gindin dalbejiyar da ke ƙofar masallacin unguwa, sai wani yaro ya wuce a baƙar mota ya taka totur har ƙasa, ƙura ta turnuƙe mu. Da aka gama yi masa Allah Ya shirya, hira ta gangara kan motoci. Wani Alhaji a cikinmu, tsohon ɗan kwangila, ya shiga lissafa waɗanda ya taɓa mallaka. Yatsunsa goma suka ƙare, ya ari huɗu a hannun na kusa da shi. Da layi ya zo kaina na ce biyar ne, daga 1978 zuwa yau. Aka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Malam, ai kai ba sayen mota kake yi ba, aurenta kake yi."

Na taya su dariya. Amma da na shiga gida maganar ta ƙi sakina, domin in aure ne, to akwai guda a cikinsu da na saka ba ta yi mini laifin komai ba, kuma yau shekara ashirin da ɗoriya abin bai bar raina ba.

Ta farko Volkswagen Beetle ce, ruwan ɗorawa. A hannun wani malamin makaranta Ba'indiye na saye ta, kwantiraginsa ya ƙare zai koma gida. A wancan zamanin sakandarorin Arewa cike suke da malamai daga Indiya da Pakistan, kuma in za su tafi komai nasu sayarwa suke yi, har tukwane. Ni kuwa ƙaramin akawu ne a wata ma'aikatar jiha, ko aure ban yi ba. A filin Murtala Square wani abokina ya koya mini tuƙi da yamma-yamma, ina ta kashe mota saboda sakin kuloci da gaggawa, yara masu ƙwallo na yi mini ihu.

Ranar da na fara kai ta ƙauyenmu, can bayan Soba, gari ya fito. Baffa, Allah Ya jiƙansa, ya zagaya ta sau biyu da sandarsa, ya ce a buɗe masa gaban ya ga injin. Na buɗe, sai ga safaya da jakata. Ya dube ni ya ce, "To ina abin da ke tafiyar da ita? Ko an cuce ka ne?" Sai da na kai shi baya na nuna masa injin, na ce ba ta ma shan ruwa, ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya ta. Ya jinjina kai ya ce Nasara bai bar komai ba. Sannan ya ɗora hannu a kan rufinta ya yi addu'a, ya ce Allah Ya tsare, Allah Ya sa a kashe lafiya.

Litar fetur kwabo 15 da ɗigo uku ce a lokacin. Naira shida da 'yan kwabbai ke cika mini tanki, in yi mako biyu ban leƙa gidan mai ba. Matsalarta ɗaya, ita ma ni na jawo: batirinta a ƙarƙashin kujerar baya yake, na cire murfinsa wajen zuba ruwan batir na manta ban mayar ba. Sai ga bikin wata ƙanwarmu a Zariya, na ɗauko Gwaggo, wadda Allah Ya yi wa jiki, ta zauna daidai wurin. Mun wuce Jaji kaɗan sai na ji ƙauri. Ƙarafunan kujera sun sauka sun haɗa kawunan batir, hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin zanenta. Mota ƙofa biyu gare ta, sai na gaba ya fita an kwantar da kujera kafin na baya ya samu hanya. Yadda Gwaggo ta fito ran nan, tana salati tana kiran sunan kakanni, har ta rasu ana ba da labarin a gidanmu. Ba ta ƙara shiga motata ba, ko da na canza.

A 1982 na sami rancen mota a wurin aiki, ana cira a albashi kaɗan-kaɗan. Na sayar da Beetle, na haɗa, na ɗauko Fijo 504 fara, sabuwa dal, da ledarta a kujeru. Yaran yanzu in na faɗa musu ma'aikaci mai matsakaicin albashi ya taɓa shiga shagon dila ya nuna sabuwar mota ya ce wannan nake so, kallon mai tatsuniya suke yi mini. Amma haka aka yi. Naira ta fi dala daraja a lokacin, kuma motar ba ta kai naira dubu goma ba.

Lokacin na yi aure, muna haya a Kakuri. Wanda bai ga Kakuri ta wancan zamani ba, ba zai gane abin da ake nufi da Kaduna garin masana'antu ba. Ga masaƙu: Kaduna Textiles da aka buɗe tun 1957, ga UNTL, ga Arewa Textiles. In jiniya ta kaɗa lokacin canjin aiki, titi ya cika maƙil da kekuna da masu abinci, ka ji Hausa, ka ji Tibi, ka ji Idoma, ka ji Yarbanci. Kuma a nan Kakurin kamfanin Peugeot yake, wanda ya fara haɗa motoci a 1975. A shekarun farko ma ta jirgin sama ake kwaso kayan daga Lyon ta Faransa zuwa Kano, sannan manyan motoci su gangaro da su Kaduna. Wato motar da na saya, daga inda aka ɗaura mata tayoyi zuwa ƙofar gidana tafiyar ƙafa ce.

Maƙwabcina, katanga ɗaya ta raba mu, mutumin wajen Zonkwa ne, Kirista, kuma a kamfanin yake aiki, ɓangaren ɗaura ƙofofi. Da na kawo motar ya fito da singileti, bai ce mini komai ba. Ya buɗe ƙofar direba ya rufe, ya kasa kunne. Ya sake buɗewa ya rufe. Sannan ya ce, "Malam, wannan hannuna ne. In ta taɓa yi maka ƙara, ka zo ka kama ni." Shekara ashirin da biyu na yi da motar, ƙofar nan ba ta taɓa yi mini ƙara ba.

Tun zamanin mulkin soja na Obasanjo gwamnati ta mayar da 504 motar manyan jami'anta, don rage almubazzaranci. Saboda haka kwamishina 504, babban sakatare 504, ni ma akawu 504. Bambancin kawai, su a baya suke zama, ni ni nake jan abata. Ban san ina cikin 'yan sahun ƙarshe ba sai da Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, darajar naira ta zube, fetur ya tashi daga kwabo 20 zuwa 39 da rabi, kuɗin sabuwar mota ya yi sama ya bar albashi a ƙasa. Abokan aikina da suka ce bari su jira baɗi, har suka yi ritaya ba wanda ya ɓare leda a kujerar sabuwar mota.

Cikin 'ya'yana shida, biyar a kujerar bayanta aka kai uwarsu asibiti tana naƙuda, kuma a ciki aka dawo da su gida a naɗe cikin tawul. Duk Sallah sai ƙauye. A cika but da shinkafa da atamfofi, a dawo da buhun masara da kaji a ɗaure, wani lokacin har da rago a tsakanin ƙafafun yara. Hanyar garinmu da damina laka ce zalla, amma Fijo tana da tsayi, ƙafafun baya ke tura ta, in ka sa ta a giya biyu ka bi ta a hankali sai ta ratsa kamar jaki. Ba na fita sai da fambel, da kwantak, da fulogi biyu, da galan ɗin ruwa, da sabulu. Sabulun nan ya taɓa toshe mini hujin tanki daga Pambeguwa har Kaduna. In ta fara shaƙewa, in tsaya gefen titi in kwance kafireto in hura da baki, in mayar, mu ci gaba. Abin da ya fi ƙarfina kuma akwai bakanikena a Tudun Wada, wanda da jin ƙararta daga kan kwana zai ce wa yaransa su ɗauko sifana mai lamba kaza. Kayan gyara kuwa, in ka shiga kasuwar Panteka a lokacin ba abin da za ka nema na 504 ka rasa, in ma babu za a ƙera maka.

A cikinta na kwana biyu a layin mai a 1994, lokacin yajin aikin ma'aikatan man fetur, ga matatar mai a garin muna hango wutarta da dare. A cikinta na ɗauko Baffa daga ƙauye a 1997, kwance a baya, kansa a cinyar ƙanena, muka kai shi asibiti a Zariya. Bayan kwana huɗu a cikinta muka mayar da shi, a naɗe cikin tabarma. Ban kunna rediyonta ba sai bayan sadakar arba'in.

Sai Litinin 21 ga Fabrairu 2000.

Ban je ofis ba ran nan, zazzaɓi ya kwantar da ni. Wajen hantsi muka fara jin hayaniya daga nesa, kafin Azahar hayaƙi ya rufe sama. Rikicin Shari'a ya ɓarke. Mu Hausawa 'yan tsiraru ne a layinmu. Muka kulle ƙofa, muka kashe fitila, muka kwana zaune, uwargida na toshe bakin autarmu da hannu in ta motsa za ta yi kuka. Gab da Asuba na ji ana ƙwanƙwasa tagar bayan gida a hankali. Maƙwabcina ne. Ya ce, "Malam, ba lokacin gaisuwa. Ba ni makulli, ku fito yanzu."

Shi ya zauna a sitiyari, matarsa a gefensa. Ni da uwargida muka kwanta a ƙasan kujerar baya, ƙananan yara huɗu a kanmu, aka lulluɓe mu da zannuwan matarsa. Manyan maza biyu suka shiga but, ya ɗaure murfin da igiya ya bar musu kafar iska. Abin da ke raina ɗaya ne: motar nan ta tsufa, da safiyar hunturu sai an tura ta take tashi, kuma wa zai fito turin mota a irin wannan dare? Ya murza makulli. Bugu ɗaya ta ɗauka.

Ban ga hanya ba, ƙasan mota kawai nake ji a haƙarƙarina, da ƙaurin taya da ake ƙonawa. Sau biyu aka tsayar da mu. A na biyun na ji muryoyi sun kewaye motar, wani abu mai nauyi ya daki gefen gaba na hagu har motar ta girgiza. Na ji maƙwabcina ya sauke gilashi yana magana da ƙarfi, da yarensu, da Hausa, da Turanci, yana cewa iyalinsa ne zai kai su gida, matarsa na taya shi faɗa. Ina karanta duk abin da ya zo bakina. Can na ji an ja wani ƙarfe daga kan titi, motar ta motsa. Ya kai mu barikin soja, inda muka tarar da dubban mutane, Musulmi da Kirista, kowa da abin da ya iya ɗauka. Ya miƙo mini makullina, ya ce zai kula da kayanmu. Shi da matarsa suka juya da ƙafa.

Ba mu sake zama a Kakuri ba. Kamar dubban mutane, muka haye kogi muka dawo arewacin gari, wasu dubban kuma suka bar arewa suka koma kudu, Kaduna ta rabu biyu a kan gada. A sabuwar unguwarmu na ji labarai irin nawa sak, sai dai a can Musulmi ne suka ɓoye maƙwabtansu Kirista suka fitar da su. Kayanmu wata uku suna ɗakin maƙwabcina, ko cokali bai ɓata ba. Lotsawar da dutsen nan ya yi a gefen hagu, sama da taya, mai gyaran jikin mota ya ce zai buge ta ya shafe ba a gane ba. Na ce a bar ta.

To wannan motar ce na sayar a 2004. Kuma ba don ta gaza ba.

A waɗancan shekarun motocin Kwatano sun cika gari. Gwanjon Turai da Amurka ne ake saukewa a tashar ruwan Kwatano ta Jamhuriyar Benin, a shigo da su ta kan iyaka, kowace da laƙabin da 'yan Najeriya suka raɗa mata. Yaran da na koya wa aiki a ofis duk sun hau masu sanyi da gilashin maɓalli. Ni kuwa fentin tawa ya koɗe, kujerar direba ta lotsa sai da matashi. Ban damu ba, ko in ce ina nuna ban damu ba. Sai wata safiya zan kai 'yata ta uku makarantar sakandare, saura mu sha kwana ɗaya mu isa ƙofa, ta ce a hankali, "Baba, sauke ni a nan, zan ƙarasa da ƙafa." Na ce me ya faru? Ta sunkuyar da kai. Na gane. Na sauke ta, na tsaya ina kallonta har ta shige, ƙawayenta na fitowa daga motocin iyayensu. Ba a yi mako biyu ba, a wani ɗaurin aure a Unguwar Rimi, mai gadi ya dubi motar ya nuna mini waje da sandarsa, ya buɗe wa na bayana ƙofa.

Da na gaya wa uwargida na yanke shawara, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, me ta yi maka?" Na ce ta tsufa. Ta ce, "Mu ma ai mun tsufa." Na ce yara na jin kunya. Ta ce, "Yaran da ta ɗauko a but?" Ban ba ta amsa ba, don ba ni da ita. Na sayar wa wani mutumin wajen Maƙarfi mai safarar tumatir. Ranar da ya zo ɗauka ba ta fito ba.

Honda Accord na saya, wadda ake kira Baby Boy. Ba zan ɗora wa motar laifi ba, dilan da ya sayar mini ne bai ji tsoron Allah ba. An juya mata mita, ta taɓa yin mummunan haɗari aka gyara aka fesa fenti, takardun fitonta kuma na bogi. Jami'ai suka tsayar da ni a hanyar Abuja, suka duba, kuma gaskiyarsu ce. Mako biyu motar na hannunsu, sai da na biya kuɗin fito daga aljihuna. Dila kuwa ya ce shi ma haka aka kawo masa. Sallar farko da na nufi ƙauye da ita, cikinta ya dinga gugar ƙasa har salansa ta cire. Dole na ajiye ta a Soba muka hau acaɓa da kayanmu, mutanen gari na tambaya ina farar motar. Na kai wa bakanikena na Tudun Wada, ya buɗe gaba ya daɗe yana kallo, ya rufe. Ya ce, "Malam, ba zan cuce ka ba. Wannan sai masu kwamfuta." Abotar shekara ashirin ta koma gaisuwar hanya. Shekara uku na yi da ita, na rabu da ita da asara.

Ta huɗu Fijo 406 ce, na saya a gwanjon wata ma'aikata a 2008. Mota ce mai lafiya, ba ni da labarin da zan bayar a kanta, kuma ga mota wannan yabo ne. Na sayar da ita a 2015 na yi wa 'yata kayan ɗaki, ita dai wadda ta ce in sauke ta. Kwanaki na tuna mata maganar cikin wasa, ta rantse ba ta tuna ta taɓa faɗa ba. Na yarda da ita. Yarinya ce 'yar shekara goma sha uku, ta faɗi abin da ke ranta ta manta kafin a tashi tara. Ni mai furfura ne na riƙe.

Ta biyar Toyota Corolla ce, yara suka haɗa kuɗi suka saya mini a 2019 bayan na yi ritaya. Tana nan a tsakar gida ƙarƙashin tamfol. Tun 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta yi ta hawa har ta haura naira dubu a 2024, cika tankinta sai ya cinye fiye da rabin fanshona. Juma'a nake fito da ita, sai ranar ganin likita. Sauran kwanaki Keke Napep nake hawa, in matsa wa ɗalibai su matsa mini. Jikokina sun mayar da ita wurin ɓuya.

Sau ɗaya na sake ganin 504 ɗina. A 2012 ne, ina dawowa daga Zariya a 406, daidai Birnin Yero. Wata tsohuwar Fijo na tsaye gefen titi, an yanke bayanta an mayar da ita a-kori-kura, an labta mata itace har ya fi ta tsawo. An shafe ta da shuɗin fenti irin na ƙofar shago, lambar ma ba tawa ba ce. Har na wuce, sai idona ya faɗa kan gefen hagu, sama da taya. Na taka birki, na dawo da baya.

Wani saurayi ne ke zuba mata ruwa a lagireto da buta. Na yi masa sallama, na ce ko zai bar ni in duba motar. Ya ce, "Baba, saye za ka yi? Maigidana ba zai sayar ba, ita ke ci da gida uku." Na ce a'a, dubawa kawai. Na shafa lotsawar, fenti ya cike ta amma tana nan yadda take. Na zagaya wajen direba. Babu gilashi, babu madubi, kujerar ta koma benci da buhu a kai. Na kama ƙofar na buɗe, na rufe. Na sake buɗewa, na rufe. Saurayin na kallona kamar wanda ya ga taɓaɓɓe. Na ba shi naira dubu na ce ya saya mata baƙin mai, ba nasa ba ne, nata ne.

Da na isa gida na tarar da uwargida a kan sallaya, ta idar da Magariba. Na zauna bakin gado na ce, "Hajiya, yau na ga motarmu." Ba ta tambaye ni wacce ba. Ta shafa addu'arta, ta naɗe carbi, sannan ta ce, "Tana tafiya?" Na ce tana tafiya, itace take ɗauka. Ta ce, "To, Alhamdu lillahi." Ta miƙe ta shiga kicin ta ɗauko mini tuwo.